An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Labarin Toshewar Masai a Wani Gidan Haya

Hausawa mutane ne masu kunya, kuma babu inda kunyarsu ta fi fitowa fili kamar wajen ambaton wurin da ɗan Adam yake biyan bukatarsa. Wanda ya dubi kalmomin da ake amfani da su zai ga kusan duk zagaye ne. Akan ce bayan gida, ko banɗaki, ko makewayi. Mai nufin zuwa can kuwa sai ya ce zai kewaya, ko zai zagaya, ko zai kama ruwa. Su kalmomin nan na kai tsaye, watau masai da salga da shadda, ba a cika jin su a bakin mace gaban surukinta ba, ko a bakin yaro gaban mahaifinsa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ba mai musun haka. Amma akwai lokacin da ta kusa raba wata baiwar Allah da muhallinta a wani gidan haya a birnin Kano. Labarin nan ne za a bayar, domin a cikinsa akwai wani ɗan ilmi da ya kamata kowane mazaunin gidan zamani ya riƙe, watau yadda ake bambanta toshewar masai guda da toshewar babban bututun da ya haɗa banɗakunan gida duka.

Gidan yana cikin ɗaya daga sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan ganuwa. Sassa shida ne a jere, kowanne ciki da falo da banɗakinsa, kuma a kowane banɗaki akwai masai na tangaran irin na tsuguno, wanda ake kora wa ruwa. Filin da aka yi ginin yana da ɗan gangare daga ƙofar gida zuwa baya, ta yadda sashen farko ya fi na ƙarshe tudu da kamar kamu biyu. Malamin makaranta ne a sashen farko, sai tela, sai waɗansu ɗalibai biyu, sai direba, sai wani ma'aikacin asibiti. A sashen ƙarshe kuwa, can kusa da wata darbejiya da mai gidan ya dasa da hannunsa, wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ƙaramar tana goye. Da ɗanwake da awara take riƙon kanta da marayunta, yaran unguwa suna shigowa saye safe da yamma.

Wata safiya a cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, ta tashi ta tarar baƙin ruwa ya cika tangaran ɗin, ya tumbatso, ya malale daɓen banɗakin, har yana neman bakin ƙofar ɗaki. Ta kwashe, ta wanke, ta yi shiru da bakinta. Da rana ta yi, sai ruwan ya janye da kansa, ta yi hamdala tana zaton abin ya wuce. Kashegari da sassafe ya dawo, haka ma rana ta uku. A nan ne wari ya tona asiri, yaran da suka zo sayen ɗanwake suka juya da kwanoninsu, magana ta bazu a gidan.

Maƙwabta ba su ɗauki lokaci ba wajen yanke hukunci. Waɗansu suka ce ai mai goyo ce, ƙunzugun jarirai na zamani take jefawa a ciki. Waɗansu suka ce ragowar man suyar awara take korawa, ya daskare ya toshe hanya. Hujjarsu guda ce, kuma a ganinsu ta isa: a banɗakinta ƙazantar ta fito, ba a na wani ba.

Ba za a ga laifinsu ƙwarai ba, domin tunanin da suka gada ke nan. A gidan gargajiya salga rami ce guda a kusurwar gida. Idan ta cika kowa yana gani, a yashe ta ko a rufe a haƙa wata, kuma salgar gidan wane ba ta da wata hulɗa da ta gidan wane. Inda ɓarna ta bayyana, a nan take. Masai na ruwa ya zo da wani tsari dabam, domin ya ɗaure maƙwabci da maƙwabci da bututu a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani, amma mutane suka karɓi tangaran ɗin suka ci gaba da tunanin salga.

Da labari ya kai ga Alhaji mai gidan, sai ya turo wani saurayi mai gyaran famfo. Saurayin ya zo da irin robar nan mai kama da ƙoƙo da aka kafa wa sanda, ya yi ta dannawa yana ja, sa'an nan ya zura waya, bai ciro kome ba. Daga bisani ya juye wani kakkaifan ruwan magani a ciki, ya ce a bar shi ya kwana, ya karɓi kuɗinsa daga hannun matar ya tafi. Da yake dama ruwan yakan janye da rana, sai aka ɗauka magani ne ya ci. Kwana biyu tsakani abin ya dawo fiye da da. Ran Alhaji ya ɓaci, ya aiko mata da takarda cewa ya ba ta wa'adin wata guda ta nemi wani wuri, tun da ba ta iya zama da mutane ba.

Akwai wani dattijo a unguwar da kowa yake kira Baba mai famfo, wanda ya daɗe yana wannan sana'a har gemunsa ya yi fari a cikinta. Wurinsa matar ta nufa da la'asar, ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce, "Baba, makewayina ne ya toshe, ga shi har an ce in tashi."

Dattijon ya ce, "'Yata, wa ya gaya miki naki ne ya toshe?"

Ta ce, "Ai a nawa yake fitowa, Baba."

Ya ce, "Na ji. To, sa'ad da yake fitowa, ke kika kora ruwa, ko kuwa tashi kawai kike yi ki tarar da shi?"

Ta yi shiru tana tunani, sa'an nan ta ce tarar da shi take yi, kuma kullum da sassafe ne, lokacin da mutanen gida suke wanka za su fita aiki. Ya tambaye ta ko rariyar da ruwan wankanta yake bi ita ma tana dawo da ruwa, ta ce tana dawowa da shi. Ya tambaye ta ko takan ji masai ɗin yana ƙugi kamar tulun da aka nutsa a rijiya alhali ba wanda ya taɓa shi, ta ce ta kusa wata guda tana ji. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ta je ta roƙi Alhaji ya zo da kansa gobe da hantsi.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san hanyar da ruwan masai yake bi, domin wanda bai san hanya ba, ba zai gane inda aka tare ta ba. Zango uku gare ta. Na farko shi ne wuyan masai, watau wata lanƙwasa kamar gwiwa da ke ƙarƙashin tangaran, wadda kullum take riƙe da ɗan ruwa domin ya tare warin da ke tasowa daga ƙasa. Wani maƙerin agogo ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Cumming ne ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a shekarar 1775, kuma har yau a kanta ake tafiya. Wannan lanƙwasa ta fi sauran hanyar ƙunci, saboda haka a nan tsumma ko leda ko abin wasan yara ya fi maƙalewa. Zango na biyu shi ne babban bututu, mai faɗin inci 4, wanda ake binnewa a ɗan karkace, bisa tsohuwar ƙa'idar magina ta saukar taku 1 a cikin kowane taku 40. Cikinsa kowane banɗaki yake zubawa, kuma a kan hanyarsa akan gina ƙananan ramuka masu murfin kankare domin a riƙa leƙawa, su ne ramukan dubawa. Zango na uku shi ne tankin da ke ƙarshen gida, inda ƙazanta take kwantawa ƙwayoyin halitta suna narkar da ita, ruwan sama-sama kuwa ya zarce zuwa wani rami ya tsotse cikin ƙasa. Jama'a sukan haɗa tankin da ramin su kira su sokawe. A waɗansu unguwannin Abuja babu sokawe, bututun gida yakan haɗu ne da na titi ya tafi matatar ƙazanta ta Wupa, amma a Kano da yawancin garuruwan Arewa a cikin gida hanyar take ƙarewa.

To, idan a zango na farko aka tare hanya, masai guda ne zai sami matsala. Ruwa zai taso ne kawai sa'ad da aka kora shi a wannan masai ɗin, sauran rariyoyin gida suna aikinsu lafiya lau, kuma sau da yawa robar nan mai sanda takan wadatar. Idan kuwa a zango na biyu ne, duk abin da ke sama da wurin toshewar zai ji a jikinsa. Ruwa zai riƙa tafiya a hankali a banɗakuna da yawa, iskar da aka matse a cikin bututu za ta riƙa fitowa ta wuyan masai tana ƙugi, sa'an nan ruwan da wani ya zubar zai fito a wurin wani. Da yake ruwa ba ya hawa tudu alhali ga kwari, a kafa mafi ƙasa zai fara ɓulla. Wannan shi ne dalilin da ya sa wanda ƙazanta ta fito a ɗakinsa sau da yawa ba shi ne mai laifi ba, shi ne dai mazaunin gangare.

Da hantsi Alhaji ya iso yana cika yana batsewa. Baba ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Alhaji, kafin a taɓa kome, a ba ni izini in yi wa mutanen gida tambaya guda." Ya bi ƙofa-ƙofa yana tambaya ko akwai wanda ruwan makewayinsa yake jinkirin wucewa. Kowa ya ce nasa lafiya ƙalau. Matar tela ma daga bayan labule ta amsa, ta ce su kam ba su da irin wannan ƙazantar.

Dattijon bai yi musu da kowa ba. Ya sa aka wanke banɗakin matar tas, ya kira Alhaji suka tsaya a bakin ƙofarsa, sa'an nan ya aika a roƙi malamin makaranta, can a sashen farko, ya juye bokitin ruwa uku a masai ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba sai tangaran ɗin da ke gabansu ya yi ƙugi, ruwa ya fara tasowa a hankali, ya cika shi, ya haura daɓe, alhali matar tana tsaye a tsakar gida da goyonta, ba ta taɓa ko buta ba.

Baba ya ce, "Alhaji, ruwan malam ne wannan. Da a ce wuyan wannan masai ne ya toshe, da babu hanyar da ruwan wani zai bi ya shigo nan. Toshewar tana gaba da mu, a hanyar da kowa yake bi."

Sai a lokacin bakuna suka buɗe. Tela ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya nasu ya yi mako biyu yana ƙugi. Ma'aikacin asibiti ya ce shi sai ya kora ruwa sau biyu kafin ya wuce. Ɗaliban kuwa suka ce sun daɗe da komawa amfani da banɗakunan makaranta, domin nasu yana tsorata su. Kowannensu ya riga ya ga alama, kowanne ya ɗauka aibinsa ne shi kaɗai, ya ɓoye. Da a ce tun makon farko mutum biyu daga cikinsu sun haɗa baki sun faɗi abin da suke gani, da an gane cutar tun ba ta kai ga ɗakin marayu ba.

Saura a gano ainihin wurin. Alhaji ya tsorata kada a ce sokawe ne ya cika, domin a tsakiyar damina ƙasa takan ƙoshi da ruwa ta daina tsotsa, kuma kiran motar kwasar masai ba ƙaramin kuɗi ba ne. Baba ya ce ramukan dubawa ne za su raba gardama. Huɗu ne a gidan, amma an shafe bakin murafensu da siminti tun shekarun baya saboda wari, wanda shi ne ma ya hana ruwan ɓulla a tsakar gida ya tura shi banɗakin matar. Aka kawo guduma da kurfi aka ɓamɓare su. Na farko, kusa da ƙofar gida, ruwa kaɗan ne kwance a gindinsa. Na biyu ya kai rabi. Na uku, wanda ke bayan sashen matar, cike yake maƙil. Na huɗu kuwa, dab da tanki, a bushe yake sai wani ɗan siririn ruwa da ke tsiyaya. Da aka ɗaga murfin tankin, aka ga bakin bututun da ke zuba a ciki yana sama da ruwa, watau tankin bai cika ba.

Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: toshewa tana tsakanin rami na ƙarshe da ya cika da rami na farko da ya bushe. Da a ce duka huɗun sun cika, kuma ruwan tanki ya shanye bakin bututu, da laifin na sokawe ne. Tsakanin rami na uku da na huɗu taku bakwai ne kacal, kuma a tsakiyarsu darbejiyar Alhaji take tsaye. Ɗan siririn ruwan nan da ke tsiyaya shi ne bayanin janyewar da ruwan yake yi da rana, domin hanyar ba ta rufe ruf ba, tana wucewa da kaɗan-kaɗan idan gida ya yi shiru, ta kasa idan mutum goma sha suka yi wanka a sa'a guda.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya matso da ashana zai haska cikin tankin, Baba ya buge hannunsa. Ya gaya masa iskar da ke taruwa a irin wannan wuri tana kama wuta, wata kuma tana sumar da mutum kafin ya ankara, shi ya sa ba a kunna wuta a bakinsa, ba a kuma shiga cikinsa. Ya ƙara da cewa ruwan maganin da saurayin nan ya juye ba ya cin saiwa, sai dai ya ƙone hannun mai aikin da zai zo daga baya, ya kuma kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a tanki.

Daga nan ya ɗauko sandunan yasar bututu, waɗanda ake murɗa ɗaya a gindin ɗaya har su yi tsawo. Ya zura su ta ramin da ya bushe, yana turawa yana juya su zuwa dama kullum, domin in aka juya hagu sai su kwance a bar rabi a cikin ƙasa. A taku na huɗu suka ci karo da abu. Bayan an sha fama, ƙugiyar da ke kan sandar ta jawo wani dunƙule kamar gashin doki, saiwoyi ne sirara cunkus, sun kama ledojin ruwan sha, da tsumma, da bawon rake, da guntun soso, da murfin kwalba. Ƙunzugun jariri ko ɗaya babu. Nan take ruwan da ya taru ya ɓalle da ƙarfi, ramukan uku suka zuƙe a gaban idon kowa.

Da aka tone wurin, sai aka tarar mahaɗar bututu biyu ce ta buɗe kaɗan, tun ranar gini ba a liƙe ta da kyau ba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saiwar itace ba ta cika fasa lafiyayyen bututu ba, amma da rani takan bi laima, in ta sami tsaga ko da ta kai kaurin zare ce sai ta shige, ta tarar da ruwa da taki, ta yi ta yaɗuwa har ta zama raga. Ledojin da suka maƙale a ragar kuwa daga kowane sashe suka zo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Baba bai tafi ba sai da ya ja Alhaji gefe ya nuna masa rijiyar gidan, wadda ba ta fi taku goma sha biyar daga wurin da bututun yake yoyo ba, alhali masana lafiya sukan ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin ƙazanta. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 1854 likita John Snow ya bi diddigin annobar kwalara a wata unguwa ta birnin Landan har ya kai ga famfon rijiya guda a titin Broad Street, daga baya aka gano wani ramin ƙazanta yana yoyo dab da ita. A Nijeriya ma an sha wannan annoba a 1971 da 1991, kuma a 2021 an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, galibinsu a jihohin Arewa. Aka yi shawara a daina shan ruwan rijiyar sai an tafasa shi.

Alhaji ya biya kuɗin sabon bututu, aka sauya masa hanya nesa da itacen, aka yi wa ramukan dubawa murafen da ake iya ɗagawa. Bai ba matar haƙuri a bainar jama'a ba, domin irinsu ba su saba ba, amma da magariba ya aiko ɗansa ya karɓe takardar wa'adin, ya kuma mayar mata da kuɗin da ta ba saurayin nan. Masu sayen ɗanwake kuwa sai da aka yi kusan wata biyu kafin su dawo kamar da, domin wanke suna ya fi wanke daɓe wuya.

Bayan sallar layya, wata safiya, matar tela ta leƙo sashen ƙarshe, ta yi sallama, ta rage murya ta ce, "Yaya, namu ne yake ɗan jinkiri tun jiya. Naku fa?"

Matar ta shiga ta juye bokiti guda, ruwa ya wuce sumul. Suka tambayi matar direba, ita ma nata lafiya. Suka ɗaga murfin rami na biyu su biyu, suka ga babu abin da ya kwanta a ciki. Matar tela ta koma ta aiki ɗanta ya aro robar nan mai sanda a wurin Baba, kafin azahar aka ciro ƙwallon roba da autanta ya jefa.